Ogustin Na Annaba, Malamin Da Ya Rasu Bai Bar Wasiyya Ba



Duk wanda ya taɓa zama Assamaka, ko da na mako guda ne, ya san abin da ƙasar Aljeriya ke aiko mana. Dabino na shigowa, da taliya, da madarar Lahda, da gazuwal. Manyan motoci su yi layi gaban duwan, direbobi su shimfiɗa tabarma a inuwar mota suna dafa shayi har a gama takardu. Tun daga 2014 kuma an ƙara wani kaya da ba ya bi ta hannun duwan, wato ƴan Adam. Ƴan ƙasarmu a kan kawo su cikin ayari har gari. Na sauran ƙasashe kuwa a kan sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, kilomita 15 daga Assamaka, a nuna musu kudu, su tako da ƙafa cikin rairayi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai.

Wannan ita ce Aljeriyar da muka sani, ta ciniki da ta kora. A wannan mako ina so in shigo muku da wani abu daban daga can, labarin wani mutum da ya rayu a ƙarshen wannan hanya tamu, in ka bi ta Ingizam da Tamanrasat ka yi ta tafiya fiye da kilomita 2,000 har ka isa bakin teku. Sunansa Ogustin. Waɗanda suka yi lise sun gamu da shi a darasin falsafa, kuma da yawa na fita aji suna zaton Bature ne, don hotunansa da ke cikin littattafai masu zanen Turai ne suka yi su. Alhali a Afirka aka haife shi, nan ya yi aikinsa, nan ya cika. Kiristoci na ƙirga shi cikin manyan waliyyansu. Wajen shekara 35 ya yi yana bishop, wato babban limamin coci, a birnin Hippon, wanda a yau ake kira Annaba.

Ni ba Kirista ba ne, haka ma mafi yawanku, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Mutumin ya rasu a 430, kimanin shekara 140 kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ya shafi aƙidarsa na bar wa masu ita. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ya riƙe kuɗin jama'a da shari'ar jama'a, don wannan magana ce da ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci, ko wane addini suke bi. Lokacin da nake koyarwa a Arlit, wani maƙwabcina ɗan Togo, ma'aikacin ma'adinai a Akokan, shi ya miƙo mini wani ɗan littafi da Faransanci, ya ce, "Mushe, kai da kake yawan maganar ma'aikata, karanta wannan ka ga wani irin ma'aikaci." Tarihin Ogustin ne wanda almajirinsa Posidiyus, bishop na garin Kalama, Gelma ta yau, ya rubuta bayan ya yi kusan shekara 40 tare da shi. Daga nan na shiga neman sauran.

An haife shi ran 13 ga Nuwamba 354 a Tagasta, garin da yanzu ake kira Suk Aharas, kusa da iyakar Tunisiya. Ƙasar a lokacin sunanta Numidiya, tana hannun Rumawa, mutanenta na asali kuwa Barbar ne, dangin Abzinawanmu. Rubutun tifinag ma daga tsohon rubutun waɗancan mutane ya samo asali. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai tsananin riƙo, kuma masana da dama na ganin sunanta na Barbar ne. Mahaifinsa Patrisiyus ɗan majalisar gari ne mai ƴar gona, irin mutanen nan masu suna amma aljihu ba nauyi. Ya ga yaron na da kai, ya ƙudura sai ya yi karatu ya zama wani. Kuɗi suka yanke yaro na da shekara 16, ya dawo gida ya yi shekara guda yana zaman kashe wando, sai da wani attajirin garin, Romaniyanus, ya sa hannu aljihu kafin a iya riƙe shi a Kartaj, kusa da Tunis ta yau. Wa ke cikinmu bai san irin wannan labari ba? Da yawa daga manyan ma'aikatan ƙasar nan, in ka tona, za ka tarar da wani alhaji ɗan kasuwa da ya biya kuɗin motar farko zuwa Yamai.

Fasahar magana ya karanta, ilimin da a zamanin Rumawa shi ke buɗe ƙofar zama lauya ko gwamna. Ya koyar a Kartaj, ya haye teku zuwa Rum a 383 bayan ya yaudari uwarsa ya bar ta a gaɓa tana kuka, sa'an nan a 384 ya samu muƙamin malamin fasaha na birnin Milan, inda fadar sarkin Rum take a lokacin. Cikin aikinsa har da tsara jawabin yabon sarki ranar biki. A taƙaice maroƙin fada ne mai albashi, sai dai da Latinanci yake roƙon. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da yake shirya irin wannan jawabi, cike da ƙarya, wanda ya san masu tafa masa ma sun san ƙarya ce, ya ratsa wani lungu ya ga wani mabaraci ya sha ya bugu yana ta dariya. Ya dubi abokansa ya nuna musu cewa mutumin nan da ƴan kwabbai ya sayi kwanciyar ran da su suke ta wahalar nema ba su samu ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa kwana yana rubuta jawabin tarbar baƙo daga Yamai zai gane abin da ke cin mutumin.

Akwai abu guda a wannan zamani na rayuwarsa da ba zan rufe ba. Tun yana Kartaj ya ajiye wata mace ba aure, suka zauna shekara goma sha wani abu, ta haifa masa ɗa, Adeyodatus. Da muƙami ya zo, aka nema masa ƴar manyan gida da za ta dace da matsayinsa, aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka ita kaɗai, ɗan kuma ya zauna wurin uba. Ya rubuta cewa zuciyarsa ta yi jini, na kuma yarda. Amma cikin dubban shafukan da ya bari bai taɓa ambaton sunanta ba, auren da aka kore ta dominsa ma bai yiwu ba. Wannan tabo ne, kuma mun sani don shi ya faɗa da bakinsa cikin littafin da ya tona asirin kansa, wanda ake kira Confessions.

Sauran na san da yawa sun ji: wa'azin Amburuwaz, bishop na Milan, ya kama shi, ya ajiye aiki a 386, aka yi masa wankan shiga addini a 387 yana da shekara 32, uwarsa ta rasu a wannan shekara a tashar jirgin Ostiya suna kan hanyar gida. A 388 ya dawo Tagasta, ya rabu da ɗan gadon da ya samu, ya zauna da abokai suna karatu da ibada. Ɗansa ya rasu yana saurayi. Ba ya son muƙami, har yakan kauce wa duk garin da ya ji kujerar bishop ba kowa. A 391 ya je Hippon ganin wani mutum, ya shiga coci, jama'a suka gane shi, suka cafke shi suka tura gaban tsohon bishop Baleriyus, aka naɗa shi limami yana hawaye. Bayan ƴan shekaru ya gaji kujerar.

To, mene ne aikin bishop a wancan zamani? Kada ku ɗauka wa'azin Lahadi ne kawai. Dokar Rumawa ta ba bishop ikon yanke shari'a tsakanin mutane, kuma tun da kotun gwamnati tana da tsada da jinkiri, sai kowa ya kwaso rigimarsa ya kawo masa: gado, iyakar gona, bashi, dabba. Posidiyus ya ce yakan zauna sauraron ƙara tun safe har lokacin cin abinci, wata rana ya wuni bai sa komai a baki ba, kuma yana sauraron Kirista da wanda ba Kirista ba. Mutumin da ya fi kowa ilimi a zamaninsa, wanda ake jiran littattafansa a Rum da Baitul Muƙaddas, ga shi ya wuni kan rigimar gona. Ya yi ƙorafi a kai, amma bai daina ba. Yakan maimaita wata magana da ya ji, cewa gara mutum ya yi shari'a tsakanin baƙi biyu da tsakanin abokai biyu, don a ta farko zai iya samun aboki, a ta biyu kuwa dole ya rasa ɗaya. Yakan kuma ƙi rubuta wa manya takardar alfarma ko don makusantansa, saboda ya san mai mulki in ya yi maka alheri yau, gobe zai zo karɓar ladansa. Akwai ma wasu shawarwari uku na Amburuwaz da ya riƙe, waɗanda na ga sun dace a manna a ƙofar kowane ofis: kada ka nema wa kowa aure, kada ka kai kowa aikin soja, kada ka je walima a garin da kake aiki. Dalilin na farko, in ji shi, ranar da miji da mata suka yi faɗa, wanda ya haɗa su za su zaga.

Gidansa kuma gidan haɗaka ne. Duk limaman da ke ƙarƙashinsa tare suke ci, tare suke kwana, ba mai mallakar komai. Ganye da wake ne abincin, nama sai don baƙo ko majinyaci. A jikin teburin ya sa an rubuta gargaɗi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a nan. Wata rana wasu bishop-bishop abokansa suka manta suka shiga gulma, ya tsawata musu, ya ce ko dai a goge rubutun nan, ko shi ya tashi ya koma ɗaki da abincinsa a gaba. Idan aka yi masa kyautar alkyabba mai tsada, sai ya sayar a raba wa talakawa kuɗin, yana cewa kunya yake ji a ce ɗan talakan Tagasta ya samu a coci tufar da ba zai samu a gidan ubansa ba. Bai taɓa riƙe makulli ba, bai sa zoben hatimi ba. Ya damƙa lissafi a hannun limaman da suka iya, a ƙarshen shekara a karanta masa abin da ya shiga da abin da ya fita. Nan kam ina da ja, don amana ba ta hana duba littafi, kuma za mu ga inda sakin hannu ya kai shi.

Abin da zai fi ba ɗan kasuwa mamaki shi ne dukiyar da ya ƙi karɓa. Wani mai jiragen ruwa, Bonifas, ya bar wa coci kamfaninsa. Ogustin ya ce a'a. Dalilinsa na mai hankali ne: jiragen na ɗaukar hatsin gwamnati zuwa Rum, kuma in jirgi ya nitse doka ta ce a azabtar da matuƙan da suka tsira don a binciki gaskiyar hatsarin, in ba haka ba mai jirgi ya biya asarar. Ya ce shi ba zai miƙa mutanen da suka tsira daga teku a azabtar ba, kuma ba zai tara kuɗin biyan tara ba alhali mayunwata na ƙofarsa kullum. Haka duk wanda ya yi fushi da ɗansa ya hana shi gado ya rubuta wa coci, sai ya ce ya je ya nemi wani mai karɓa. Wani babban mutum kuma ya ba coci gona da takarda, bayan shekaru ya aiko ɗansa a mayar masa, ya haɗo da zinariya 100 don talakawa. Ogustin ya mayar da takardar nan take, ya ƙi zinariyar, ya kuma rubuta masa wasiƙa mai zafi. In baitulmali ya ƙare, sai ya tsaya gaban jama'a ya ce babu. In kuma akwai fursunonin da za a fansa, ya sa a fasa kwanonin coci masu daraja a narke.

Sai ga shi a 425 wani limami na cikin gidansa, Januwariyus, wanda ya rantse ba shi da komai, ya mutu ya bar wasiyya da kuɗi. Ya ɓoye su da sunan na ƴarsa ne, a ƙarshe ya hana ƴaƴansa biyu ya rubuta wa coci. Gari ya ɗauka. Abin da tsohon ya yi, yana da shekara 71, shi ne abin da ya sa na rubuta wannan maƙala. Bai rufe ƙofa ya ce sirrin gida ne ba. Ya hau mumbari ya faɗa wa jama'a duk abin da ya faru, ya ƙi karɓar kuɗin, ya ba limamansa wa'adi zuwa farkon Janairu kowa ya bayyana abin da ya mallaka, ya kuma yi alkawarin zai dawo ya ba da rahoto. Ya dawo a Janairu 426, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sunansu gaban kowa: wane yana da gona da bai gama rabawa da ƴan'uwansa ba, wane yana da bayi da zai ƴanta, wane an zarge shi da sayen gida ga yadda abin yake. Masu rubutun gaggawa sun ɗauki jawaban biyu, suna nan har yau. Mu ma tsarin mulkinmu na 2010, kafin a jingine shi a 2023, ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu a rubuce. Sai dai takardar da aka ajiye a kotu daban take da lissafin da aka karanta gaban ƴan kasuwar gari, waɗanda suka san gidan wa ake ginawa da kuma wanda ya sayi sumunti.

Ban ce bai taɓa zaɓen tumun dare ba. Akwai wani ƙauye, Fusala, mai nisa da Hippon, inda mutane ba sa jin Latinanci sai harshen Punik. Ya shirya naɗa musu bishop, an gayyato shugaban bishop-bishop na Numidiya, tsoho, daga nesa, sai ranar naɗi wanda aka zaɓa ya janye. Don kada a ji kunyar baƙo, Ogustin ya miƙa wani saurayi da ya tashi a gidansa, Antoninus, ɗan shekara 20 da ƴan kai, saboda yana jin harshen. Yaron ya zama annoba: ya ƙwace kuɗin mutane, da dabbobi, da amfanin gona, har duwatsun gininsu ya kwasa ya gina nasa gida. Da aka cire shi ya kai ƙara Rum. Ogustin ya rubuta wa Paparoma Selestin ya ɗora laifin a kansa, ya ce har yana tunanin ajiye muƙaminsa in za a mayar da yaron kan mutanen nan. Naɗa ɗan gida don gudun kunya tsohuwar cuta ce. Wanda zai ce ni na naɗa shi, ni ke da laifi, shi ne ba a cika samu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kusa da mu. A 1981 aka buga wasu wasiƙunsa kusan talatin da ba a san da su ba, waɗanda wani masani ɗan Otirishiya, Johannes Divjak, ya gano a ɗakin karatu na birnin Marsai. Ɗaya daga ciki ya rubuta ta ne a shekarunsa na ƙarshe zuwa ga amininsa Alipiyus, wanda ke Italiya a lokacin. Maganar fataucin mutane ce. Wasu dillalai, galibinsu Galatiyawa daga tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau, sun cika gaɓar Afirka suna sayen mutane suna lodawa a jirgi. Doka ta yarda iyaye matalauta su ba da hayar aikin ƴaƴansu na shekara 25, su kuwa dillalan sai su haye da yaran su sayar har abada. Da kasuwa ta buɗe, sai ƴan fashi suka shiga kai wa ƙauyuka hari da dare, su kashe maza su kwashi mata da yara. Wata yarinya da aka kuɓutar ta ba shi labari da bakinta. Abin da ya fi ƙona masa rai, ƴan gida ne ke sayar da ƴan gida. Wata mata takan kira matan ƙauye da sunan za ta sayi itace, ta kulle su ta sayar. Wani manomin gonar coci, wanda ba yunwa yake ji ba, ya sayar da matarsa, uwar ƴaƴansa.

Wata rana, shi ba ya gari, wani ya tsegunta wa jama'ar coci cewa an yi lodi. Suka tashi suka kuɓutar da mutum kusan 120, wasu daga cikin jirgi, wasu daga inda aka ɓoye su. Da aka bincika, biyar ko shida kaɗai ne iyayensu suka ba da su. Aka rarraba su gidajen mutane ana ciyar da su, don coci ba ta iya ɗaukar nauyinsu duka. Dillalan kuwa suna da iyayen gida a sama, suka juyo suna neman a mayar musu da kayansu, suna barazana ga waɗanda suka yi ceton. Ogustin ya nemo wata doka ta sarki Honoriyus da ta haramta wannan ciniki, amma ya yi jinkirin amfani da ita, don hukuncinta bulala ce mai dalma wadda ke kashe mutum. Ya roƙi Alipiyus ya nemo daga fada dokar da za ta tsoratar da dillalai ba tare da kisa ba, ta kuma kare masu ceto daga shari'a.

Duk wanda ya zauna Arlit zai karanta wannan wasiƙa da sanyin jiki. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyaka, 52 daga ciki yara ne, galibi daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. An sha ba da rahoton yadda ake karɓar yara daga hannun iyayensu a kan alkawarin kuɗi, a tafi da su bara biranen Aljeriya. Ba na haɗa direban da ya ɗauki fasinja da kuɗinsa da mai sayar da mutum, don sufuri sana'ar Agadas ce tun zamanin ayarin raƙuma. Nan ne ma nake ganin tsohon ya fi masu dokokinmu hangen nesa. Dokar 2015-36 ta kama direbobi, ta tsare motoci, matafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya. Aka soke ta a Nuwamba 2023. Tambayar da shi ya yi tana nan: wace doka ce za ta kama mai cin riba da yaro, ta bar mai neman abinci da mai ba da ruwa? Gaskiya kuma ita ce, bauta kanta bai yaƙe ta ba. Ya ɗauke ta sakamakon zunubin ɗan Adam, abin da ya yaƙa shi ne sace ƴaƴa a mayar da su bayi. Kada mu yi saurin ɗaga hanci, mu ma sai a 2003 dokarmu ta sanya bauta cikin manyan laifuka.

Babban abin da ake tuhumarsa da shi har yau shi ne rigimar ƴan Donatus. Kiristocin Afirka sun rabu biyu tun kafin a haife shi, kowane gari da coci biyu da bishop biyu, har ana zubar da jini. Shi kansa an taɓa yi masa kwanto, ya tsira don jagoransa ya ɓata hanya. Da farko ra'ayinsa shi ne a rinjayi mutum da hujja. Daga baya ya goyi bayan gwamnati ta ci su tara, ta ƙwace musu coci, musamman bayan babban taron Kartaj na 411 da ya haɗa bishop sama da 500. Ya dage kada a kashe kowa, har ya roƙi alƙali ya sassauta wa waɗanda suka kashe limaminsa. Duk da haka hujjojin da ya rubuta na tilasta wa mutum addini sun zama makami a hannun waɗanda ba su da tausayinsa, ƙarnoni bayansa. Malami in ya ari sandar sarki, ba shi ke zaɓen ranar da za a mayar da ita ba.

A 410 mayaƙan Alarik suka ci birnin Rum, abin da ba wanda ya zaci zai gani. Jirage suka riƙa sauke ƴan gudun hijira daga Italiya a gaɓar Afirka, masu kuɗi da matalauta, suna neman mafaka. A wancan karo daga arewa ake haye teku a yi kudu. Ya yi wa jama'arsa wa'azi su buɗe wa baƙin nan ƙofa, sa'an nan ya shiga rubuta babban littafinsa, Birnin Allah, wanda ya ci masa shekara 13. A ciki ne ya kawo hujjar cewa mulkin da ba adalci bai da bambanci da ƙungiyar ƴan fashi sai dai girma.

Bayan shekara 19 abin ya iso gida. A 429 Bandalawa, ƙarƙashin sarkinsu Janserik, suka hayo daga Sipaniya suna cin garuruwa. Wani bishop ya rubuto yana tambaya ko ya halatta limamai su gudu. Amsarsa ita ce, in jama'a duka sun tashi a tashi tare, in kuwa akwai waɗanda suka rage, limami ba shi da izinin barinsu. Shi ma bai tafi ba. Hippon ta cika da ƴan gudun hijira, har da Posidiyus, aka kewaye birnin. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba aka manna a bango inda zai iya karantawa daga kwance, ya roƙi kada kowa ya shigo sai likita da mai kawo abinci, ya yi kwana goma haka. Ya cika ran 28 ga Agusta 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, don ba abin da zai rubuta a ciki. Abin da kawai ya yi ta jaddadawa shi ne a kula da ɗakin littattafai.

Littattafan sun tsira. Ƙasusuwansa kuwa aka haye da su tsibirin Sardeniya, daga nan aka kai su Pabiya ta Italiya, inda suke har yanzu. A 1842 aka dawo da ƙashin hannunsa guda Annaba. Yana cikin babbar cocin da aka gina kan tudu bisa kangon tsohon birnin, wadda mutanen gari ke kira Lalla Buna, wadda kuma aka gyara aka sake buɗewa a 2013. A 2001 Shugaba Butafilika ya buɗe taron masana a kansa a matsayin ɗan ƙasa, Paparoma Leo na 14 kuma da aka zaɓa a Mayu 2025 ɗan ɗariƙarsa ne. Jikin cocin akwai gidan tsofaffi da mata masu zaman zuhudu ke riƙe da shi, kuma mafi yawan tsofaffin da ke kwana a ciki Musulmi ne ƴan Annaba.